Iskar Daren Jiya

A Bur Sudan, bayan kasuwar kifi,
inda gishiri ke cin ƙofar gareji kamar gara,
nan na koyi riƙe sifana a hannun Usta Haladu.
Kakansa ya taso daga Haɗeja a ƙafa, zai je Makka,
teku ta tare shi, ya zauna.
Jikan ya gaji zaman, haƙurin ne bai gada ba.

Shekarar da layin mai ya kai kwana uku,
direbobi na shimfiɗa tabarma a inuwar motocinsu,
Usta ya tsaya bakin titi, iska na kaɗa masa jallabiya,
ya ce, "Wannan da ke wucewa hannu rabbana,
wa ya taɓa tambayarta ko tana neman aiki?"

Muka tsaga tsohuwar ganga gida uku,
muka ɗaura wa dinamon wata matacciyar akori-kura,
muka kafa bisa rufin raksha.
Ga lissafinsa: ka yi gudu, iska ta zo,
ta juya fanka, fanka ta cika batir,
batir ya ƙara maka gudu.
Shi ke nan, mu da gidan mai sai gaisuwa.

Ohaj mai jabana ya ajiye kofi, ya bi mu da ido.
Mun wuce masallaci, mun wuce mai ɗinkin raga,
a gaban shagon ƙanƙara ta ja numfashi, ta tsaya.
Ni na turo ta gida,
yara na biye suna "Motar ɗan iska!"
Lantana ta leƙo ta katanga, ta dubi mijinta:
"Dama an ce iska na wahalar da mai kayan kara,
kai kuma ka ɗauko ganga."

Kwana biyu bai taɓa ƙarfe ba.
A na uku ya tashe ni kafin kiran salla:
"Yaro, na gano ɓarawon.
Iskar da na kama a guje ba kyauta ba ce,
da ƙarfin batirina na saye ta,
na sayar wa kaina da faɗuwa.
Ba a zarar kuɗi daga aljihun dama
a ce na hagu ya yi arziki."

Muka sauke fankar daga kan raksha,
muka ɗora ta kan dogon bututu a rufin gareji,
fuskarta arewa, ƙafarta a daddale.
Mai tafiya ya tafi,
mai tara masa guzuri ya tsaya wuri ɗaya.

Da dare tana kuka kamar tsohon ƙyaure,
maƙwabta sun yi ƙorafi, na hau na shafa mata giris.
A ƙasa batura shida sun jeru
suna sha a hankali, kamar awaki a bakin kwami.

Ran da muka sake fita ba hayaƙi, ba ƙara.
Ohaj bai ji zuwanmu ba sai da muka tsaya a bayansa,
ya zabura, kofi ya zube masa a ƙafa.
Shi ne fasinjanmu na farko, yana tafe yana zagi,
da muka sauke shi ya ƙi karɓar canji.

Ba ta kai Sawakin ba, kada in yi ƙarya.
Kasuwa da dawowa sau huɗu, sai ta nemi gida.
Akwai kuma ranakun zafi da teku ke kwanciya,
ko ganye ba ya motsi, fanka ta yi tsit.
Usta ya ɗaga kai, ya ce, "Ma'aikaciya ta je ganin gida,"
mu ja benci mu zauna.

Yanzu ni ke tuƙi, idon Usta ya yi rauni.
In na ratsa ta gefen layin mai
wani kan leƙo ta taga: "Kai, me take sha?"
Nakan rage tafiya in ce masa,
"Iskar daren jiya,
wadda ta buga maka taga kana barci."